TARIHIN CIF ƊIN NA'URAR GEM: DAGA SILIN WAYA HUƊU ZUWA ƊIGON DA IDO BA YA GANI



Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon gem yana jiran a cinye wani ya karɓi fad, ya san abu ɗaya: faifan da mai shago yake sa wa PlayStation ba orijina ba ne. Fari ne fat, wani lokacin ma da maka aka rubuta sunan wasan a bayansa. Amma na'urar tana karanta shi lafiya lau. In ka tambaya sai a ce maka "ai an sa mata cif". Shi ke nan, ba mai ƙara tambaya.

To yau wannan cif ɗin za mu ba da tarihinsa. Turawa suna kiransa modchip. Ɗan ƙaramin IC ne da ake liƙawa a jikin fanel ɗin na'ura da dalma, don ya sa ta yi abin da kamfanin da ya ƙera ta ya hana. In kuka bi labarin har ƙarshe za ku lura da wani abu: cikin kusan shekara 30, shi cif ɗin kullum araha yake ƙarawa, amma hannun da zai iya liƙa shi kullum tsada yake ƙarawa. Wannan ya shafi duk mai riƙe ayan ɗin soldarin, har da masu gyaran wayar hannu.

ME YA SA AKA KULLE NA'URAR TUN FARKO?

Sony ya fitar da PlayStation ta farko a Japan ranar 3 ga Disamba 1994, ta shiga Amurka da Turai a Satumban 1995. Wasanninta a faifan CD suke, shi kuwa CD abu ne da ake iya kwafa. Don haka Sony ya yi dabara.

Mutane da yawa sun ɗauka baƙin launin da ke cikin faifan orijina shi ne makullin. Ba shi ba ne. A can farkon faifan, kusa da ramin tsakiya, layin da lesa ke bi ba miƙaƙƙe ba ne, yana da wata 'yar lanƙwasa da aka yi da gangan. A cikin lanƙwasar aka ɓoye haruffa huɗu: SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. Kwamfutar da ke kwafar faifai tana ɗauko duk bayanan wasan, amma ba ta iya yin wannan lanƙwasa. In na'ura ba ta ji haruffan yankinta ba, ba za ta tashi wasan ba.

Kun ga jifa ɗaya tsuntsu biyu ke nan. Kwafi ba zai yi ba, kuma faifan orijina da ka saya da kuɗinka daga Japan ba zai yi a na'urar Turai ba. Wannan na biyun shi ya fi cutar irinmu da ba a ware wa kasuwarmu komai ba. Na'ura ta zo a kwantena daga wata ƙasa, faifai ya zo daga wata, su haɗu a Kano su ƙi gaisawa. Ga kuma rigimar talabijin: tamu tsarin PAL ce, ta Amurka da Japan NTSC, shi ya sa wani lokacin hoto yake fitowa fari da baƙi.

Dabarar farko ko soldarin ba ta buƙata. A danne maɓallin da ke gaya wa na'ura cewa murfi a rufe yake, a sa faifan orijina ta karanta haruffan, sai a fizge shi yana juyawa a sa kwafin. Yana yi, amma mota da lesa suna jin jiki.

1996: ZAMANIN SILI HUƊU

A shekarar 1996 cif ɗin farko ya fara fitowa daga kasuwannin Hong Kong, da tsadarsa. Aikinsa ɗaya ne tak: ya riƙa raɗa wa na'ura waɗancan haruffa huɗu, ko wane irin faifai aka saka. Ita kuma sai ta yarda.

Ba a jima ba wani injiniya da aka sani a intanet da laƙabin Old Crow ya zauna ya gano yadda abin yake aiki, ya rubuta nasa, ya saki lambobin kyauta. Aka koma amfani da wani IC mai ƙafa takwas na kamfanin Microchip, PIC12C508, wanda ba shi da wata tsada. Silin waya huɗu kawai ake liƙawa, biyu na wuta ne, biyu na saƙo. Wuraren liƙin kuma manya ne, ido yana ganinsu sarai. Duk mai gyaran rediyo zai iya. Nan fa abin ya fantsama duniya.

Sony ma bai kwanta ba. Wajen ƙarshen 1998 aka fara fitar da wasannin da suke kama cif. Yadda suke yi abin dariya ne. Shi cif ɗin surutu gare shi, ba ya daina faɗin haruffan ko bayan wasa ya tashi. Sai wasan ya kasa kunne a tsakiyar faifai, inda bai kamata a ji komai ba. In ya ji, ya san akwai baƙo, sai ya tsaya cak ya nuna gargaɗi. Masu cif suka mayar da martani da sabon samfuri mai iya yin shiru in ya gama aikinsa. Amma kafin ya san lokacin yin shirun, sai an ƙara masa sili. Huɗu suka koma bakwai ko takwas. A nan tseren ya fara.

2000: PLAYSTATION 2 DA SILI ASHIRIN

PlayStation 2 ta fito a Japan ranar 4 ga Maris 2000, an kuma sayar da sama da miliyan 150. Ita ce uwar shagunan gem, ita ta raini masu Winning Eleven da PES. Tsaronta ya fi na yayarta nesa ba kusa ba. Raɗa haruffa kawai ba ya isa, dole cif ya shiga tsakanin BIOS da sauran na'urar, ya sauya wasu umarni a daidai lokacin da suke wucewa.

Sunayen da suka yi tashe su ne Messiah, DMS, Crystal Chip, Matrix Infinity, sai Modbo da ya kwaikwayi Matrix ya cika kasuwa. Wanda ya taɓa ganin tambarin Matrix yana bayyana in an kunna PS2, to cif ɗin ne yake gaishe shi.

Liƙa shi kuwa ba wasan yara ba ne. Wajen sili ashirin ake ja, wasu kai tsaye a ƙafafun IC da ke jere kamar haƙoran matsefi. Dalma ta ɗan yi yawa ta haɗe ƙafa biyu, na'ura ta ƙi tashi. Zafi ya yi yawa, ɗan tagullan da ke jikin fanel ya ɗago, shi ke nan an shiga uku. Wayar da ake amfani da ita siririya ce mai lamba 30, kaurinta bai wuce rubu'in milimita ba. A wannan zamanin ne sa cif ya tashi daga abin da kowa ke yi a ɗakinsa ya zama sana'ar masu hannu.

2001: XBOX DA ƊALIBIN DA YA SACI JI

Microsoft ya shigo fagen da Xbox a Nuwamban 2001. In ka buɗe ta kwamfuta ce sak, da hadis ɗinta da komai. An ɓoye sirrin tashinta, bayit 512 kacal, a cikin wani IC, da tunanin ba mai iya kaiwa gare shi. Sai ga wani ɗalibin jami'ar MIT, Andrew Huang, wanda aka fi sani da bunnie. A 2002 ya haɗa wani ɗan allo, ya liƙa shi a kan siraran layukan da saƙo ke bi tsakanin IC biyu, ya saurari sirrin yana wucewa. Ilimi ne ya nuna masa inda zai saurara, amma tsayayyen hannu ne ya kai shi wurin.

A 2003 ya fitar da littafi mai suna Hacking the Xbox, bayan kamfanin ɗab'in da suka fara magana ya janye don tsoron shari'a. Abin lura a littafin: kafin ya kai mai karatu ga manyan abubuwa, sai da ya fara sa shi ƙaramin aiki, wato canza 'yar fitilar gaban na'urar zuwa shuɗiya, ya kuma ware shafuka a kan yadda ake soldarin. Gwanin ma da ƙarami ya ce a fara.

Ita Xbox an bar wasu ramuka a fanel ɗinta da ake kira LPC, a nan ake dasa cif, sai a ja sili guda zuwa wani mitsitsin ɗigo mai suna D0. Da Microsoft ya gaji, a samfurin 1.6 na 2004 sai ya cire layukan da ke zuwa ramukan. Masu gyara suka ce ba komai, suka riƙa mayar da layukan da waya ɗaya bayan ɗaya. Masu gyaran wayar hannu, wannan ba ita ce jamfar da kuke yi kullum ba?

Kuma ba satar wasa kaɗai aka yi da ita ba. A kan Xbox mai cif aka haifi manhajar kallon fim ta XBMC, wadda a 2014 ta koma Kodi. Wataƙila tana cikin akwatin talabijin ɗinka yanzu haka.

DA MAGANA TA JE KOTU

Kamfanoni suka ce cif kayan sata ne. Masu sayarwa suka ce na'urar da mutum ya saya tasa ce, ya yi yadda ya ga dama da ita. Kotunan duniya kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba.

A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya makullin fasaha, kuma a 2003 an ɗaure wani mai sayar da cif ɗin Xbox wata biyar. A Ingila, a 2004, babbar kotu ta ba Sony gaskiya a kan masu sayar da Messiah 2. Amma a Ostireliya, a Oktoban 2005, kotun ƙoli ta ba wani mai sa cif a Sidni, Eddy Stevens, gaskiya a kan Sony, duk da cewa daga baya an gyara dokar ƙasar. A Janairun 2014 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Nintendo da wani kamfanin Italiya mai suna PC Box, ta ce a riƙa duba abin da mutane suke yi da na'urar a zahiri, a kuma duba ko makullin bai wuce gona da iri ba.

Gaskiyar magana, kowane ɓangare yana da abin faɗa. Yawancin masu sa cif don kwafin faifai suka sa, ba sai an ɓoye ba, kuma mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood mun san zafin abin. Amma kulle yanki ma cuta ce, kuma kamfanonin da kansu suka sauka daga kai: PS3 ta fito a 2006 wasanninta ba kullen yanki, Nintendo ma ya bi sahu da Switch a 2017.

LOKACIN DA AKA AJIYE AYAN

Ba kullum dalma ke ci ba. A 2008 aka saki Free McBoot, wadda ake zubawa a memori kad ɗin PS2, ba a ko kwance noti ɗaya. Aka haɗa ta da OPL, wasa ya koma tashi daga filas ko hadis, shagunan gem suka huta da canjin lesa. PS3 ma ta bakin USB aka fara shigarta a 2010. Ita kuwa Switch ta farko, a Afrilun 2018 aka bayyana wata ɓaraka a cikin IC ɗinta na Nvidia, wadda ɗan guntun ƙarfen maƙale takarda ya isa ya buɗe ƙofarta.

Sai dai irin wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe. Kamfani yana toshe ta da sabuntawa ko da sabon samfuri, sai a sake komawa kan fanel. Kuma duk komawar da aka yi, sai a tarar wurin liƙin ya ƙara ƙanƙancewa. Dubi Wii ta 2006: da Nintendo ya ga ana liƙa cif a ƙafafun IC ɗin da ke kula da faifai, sai ya fara fitar da ita da wasu ƙafafun a gutsure. Masu gyara suka koma goge baƙar robar IC ɗin a hankali har sai sun tono ragowar ƙafar a ciki. Daga baya ma aka riƙa malale wurin da baƙin gam mai tauri.

ZAMANIN SA NA'URA TUNTUƁE

Da tsaro ya yi ƙarfin da ba a iya yi wa na'ura ƙarya, sai aka koma rikita ta. A Agustan 2011 wasu biyu masu laƙabin GliGli da Tiros suka fito da wata hanya a kan Xbox 360. Ka ɗauka mai gadi ne yake duba katin shaida a bakin ƙofa. A daidai ƙiftawar da zai ce "wannan jabu ne", sai a hura masa yaji ya yi atishawa, kafin ya buɗe ido an wuce. Haka cif ɗin yake yi: ya rage wa furosesa gudu, ya ɗan zungure ta na wani lokaci da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. In ba a dace ba ya sake gwadawa. A irin wannan aiki hatta tsawon silin waya da hanyar da ka bi da shi suna iya hana na'ura tashi.

Irin wannan dabarar aka kawo kan Switch bayan Nintendo ya toshe waccan ɓaraka. A 2020 ƙungiyar Team Xecuter ta fitar da SX Core da SX Lite, masu ɗan janye wa furosesa wuta a daidai lokacin bincike. A shekarar aka kama wasu daga cikinsu. Gary Bowser, ɗan Kanada, an yanke masa wata 40 a Fabrairun 2022, ga dala miliyan 4.5 a shari'ar gwamnati, ga wata miliyan 10 da zai biya Nintendo. An sake shi a 2023, amma bashin yana wuyansa.

Abin bai mutu ba. A 2023 aka fito da Picofly, wanda aka gina a kan RP2040 na Raspberry Pi, IC ɗin da kuɗinsa wajen dala ɗaya ne. To amma ina ake liƙa shi? A jikin wasu kafasito da ke zaune a kan furosesar kanta, kowanne tsawonsa milimita 0.6, faɗinsa 0.3. Ƙwayar gero ta fi shi girma. A samfurin OLED na 2021 kuwa, ɗaya daga cikin wuraren da ake nema yana ƙarƙashin IC ɗin ajiya ne. Ko dai a zura wani siririn abu ta ƙarƙashi, ko a ɗaga IC ɗin da bulowa a sake masa ƙwallayen dalma, ko a goge fanel ɗin hawa-hawa har a kai ga layin. Wannan ta ƙarshen sunanta ma kamikaze, don in hannu ya zarce kaɗan, na'urar ta tafi ke nan.

Kun ga inda aka kwana. Cif na dala ɗaya, aikin kuma sai da madubin maikuroskof.

IN KANA SON KOYO, BI TARIHIN DAKI-DAKI

Kuskuren da sabon hannu yake yi shi ne ya kalli bidiyon minti goma a YouTube, ya ga kamar wasa, ya kwance na'urar da aka tara kuɗi aka saya, ko ta wani ma. Garin neman gira a rasa ido. Waɗanda kake gani a bidiyon sun ƙona fanel ba adadi kafin su kunna kyamara. Kai ma bi matakan da su kansu masu abin suka bi:

1. Fara daga 1996. Nemi mataccen rediyo ko tsohuwar DVD a wajen 'yan gwangwan. Cire manyan kayan da ke da ƙafa, ka mayar. Yi ta yi har liƙinka ya riƙa fitowa sumul yana sheƙi, ba dunƙule kamar kashin awaki ba.

2. Hau 2000. Samu fanel ɗin tsohuwar dikoda ko kwamfuta, ka riƙa liƙa siririyar waya a ƙafafun IC guda-guda. Fara shafa wa bakin wayar dalma tukuna, sa fulos a wurin, taɓa na daƙiƙa biyu ko uku, ɗaga. Bayan kowane liƙi sa mita ka gwada ko ka haɗe da maƙwabciya, sannan ka ɗan ja wayar ka ji ko ta kama.

3. Shiga 2004. Kankare koren fentin da ke kan layi har tagulla ya fito ba tare da ka yanke shi ba. Sannan ka yanke wani da gangan, ka yi masa jamfa.

4. Sai 2021. Matattun fanel ɗin wayar hannu cike suke da irin waɗancan ƙananan kafasito. Cire, mayar, cire, mayar, a ƙarƙashin madubi. Ran da ka yi ashirin a jere ba wanda ya ɓace ko ya karkace, ka fara zama mai hannu.

Ga wasu abubuwa da za su rage maka asara. Dalma mai haɗin 63 da 37 tana narkewa a digiri 183, amma wadda ke jikin kayan zamani, tun bayan dokar Turai ta 2006, marar gubar dalma ce, sai wajen digiri 217 take narkewa. Shi ya sa za ka ga ta ƙi motsi, kai kuma ka yi ta dannawa har tagulla ya ɗago. Kar ka danna. Ƙara fulos, ka ɗan haɗa mata da taka dalmar. Nemi ayan mai saitin zafi, ka tsaya tsakanin 320 da 350. In wuta ce matsalar unguwarku, akwai irin su Pinecil da TS100 da ke aiki da cajar laftof ko batir. Cire batirin na'ura kafin ka taɓa komai. Da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar da ke ɗan fizgar mutum in ya taɓa ƙarfe, ka riƙa sauke ta kafin ka taɓa fanel, don tana kashe IC ba tare da ka ga alama ba. Yi aiki inda iska ke wucewa, kuma wanke hannu kafin ka ci abinci.

KAFIN MU RUFE

Ku sani, na'urar da aka sa wa cif ta fita daga garanti, kuma Nintendo da Microsoft suna toshe irinta daga shiga intanet ɗinsu in sun gano. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ita ma ta haramta karya makullin fasaha, don haka wanda zai mayar da abin kasuwanci ya san da wannan.

Amma shi hannun da ka koya, ba a kan cif kaɗai zai tsaya ba. Wanda ya iya liƙa sili a kan ɗigon milimita 0.6 zai iya canza bakin caji, zai iya gyara bakin HDMI na PS4, zai iya tayar da wayar da aka ce ta mutu a ciro wa mai ita hotunan iyalinsa. Aikin da ake layi a kansa ke nan a Farm Centre da sauran kasuwannin waya. Ka dai fara da gawar rediyo tukuna.

Wace na'ura kuka fara bugawa a shagon gem, kuma wa ya taɓa kashe fanel garin koyo? Ku faɗa mana a ƙasa, ba mai yi wa wani dariya. A tura wa abokai masu sha'awar gyara su ma su ƙaru.